Ruwan da Kika Ƙi Sha a Jirgin Fatakwal

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifiya, da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci. Ban taɓa rubuta miki wasiƙa ba, don ko da kina raye sai an nemo mai karanta miki. Yau na rubuta, kuma ki yi haƙuri, da fushi na zo.

Makon jiya likita ya ce na gaje ki, ciwon suga ya kama ni. Ya rubuta mini ƙwaya, sannan ya ja mini kunne. Ya ce duk ranar da amai ko zawo ya kama ni, ko na kasa ci da sha, in ajiye maganin in taho asibiti. Wai in jiki ya bushe, ƙoda ba ta iya tace shi, sai ya taru, tsami ya cika jini, mutum ya riƙa jan numfashi kamar wanda ya sha gudu. Ya ce irin wanda ake bayarwa a zamaninku ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba, shi ya sa aka daina shi. Inna, ban ji ƙarshen maganarsa ba. Jikina ne kawai a gabansa, hankalina ya koma jirgin nan.

Kin tuna rumfarki ta kasuwar Mile One a Fatakwal, inda kike tuƙa wa mahauta da 'yan albasa tuwo? Daga can kike shiga cikin unguwar Diobu karɓar ƙwayar, wurin mai ba da maganin nan mai farar riga. Abin da ya taɓa gaya miki guda ɗaya ne: "Mama, no miss am o, even one day." Kika riƙe maganar kamar salla. Kin sha maimaita mana, "An ce kada in yi fashi." Me zai rage shi da ya ƙara miki rabin magana, ya ce amma in ciki ya ɓaci a dakata? Ya ga tsohuwa Bahaushiya, ya ɗauka bayani ya fi ƙarfinta. Shi na fara jin haushi.

Sai rikici ya taso, wanda ya zama mafarin yaƙin basasa. Labarin kashe-kashen Arewa ya iso Fatakwal, maƙwabtan da muka yi shekaru muna gaisawa suka daina haɗa ido da mu. Muka bar tukwanenki a kan murhu muka nufi tasha, ni da ke da mijina Malam Ado. Kwana biyu muna jiran jirgi, muna shan duk ruwan da muka samu. Can cikinki ya ɓaci.

A tarago an cusa mu kamar buhunan albasa, ga surukinki gwiwarsa na taɓa taki. Ke da ba ki taɓa kai loma baki a gabansa ba. Na miƙa miki buta kika kawar da kai. Na miƙa rogo kika ce kin ƙoshi. Kika raɗa mini cewa in kika sha sai kin tashi, kuma ba za ki ratsa ta gabansa ki je bayan gida sau goma yana ƙirgawa ba. Amma ƙwayar nan kina kwance ta daga bakin zane safe da yamma, ki haɗiye da yawu.

Inna, wace irin kunya ce wannan? Mutane na gudun adda, ke kina gudun idon Malam Ado! Mutumin da har ya koma ga Allah bai san kina zawo a ranar ba. Shi ma ina jin haushinsa, ya zauna yana jan carbi, bai ko lura tsohuwa ta wuni ba ta sa komai a bakinta ba.

Kafin mu kai Enugu kin fara amai. Kika ce cikinki na murɗa, ƙafafunki na ɗaurewa. Sai numfashin nan ya zo, mai zurfi, mai sauri, har na nesa na waiwayowa. Wata mata ta ce iska ce. Wani dattijo ya ce tsoron sojojin tasha ne. Ni kuma mai wayo, wadda ta yi aji huɗu, na ce suga ne ya hau. Na kwance bakin zanenki da hannuna, na ɗauko ƙwaya biyu maimakon ɗaya, na sa miki a baki. Kika haɗiye don ni na ba ki.

Ba ki kai la'asar ba. A Makurɗi aka sauke ki, mutanen da ba su san sunanki ba suka yi miki sutura.

Tun daga ranar ƙannena ke cewa tsoro ne ya kashe Inna, ni ma ina gyaɗa kai. Ban taɓa gaya wa kowa zancen ƙwaya biyun ba sai makon jiya. Na kwashe duka na faɗa wa likita, ya ce ba zai rantse ba tunda bai gan ki ba, amma alamun sun yi kama. Ya ce ba laifina ba ne, tunda ban sani ba. Na sani ajali ne, ban musa ba. Amma kalma nawa ce in ce wa mijina ya matsa can ƙarshen tarago? Ni ma kunyar ce ta ɗaure mini baki, kada in ce masa uwata na zawo. Wannan haushin ya fi duka, kuma ba ni da wanda zan sauke wa.

Innata, leɓunanki sun tsage a ranar, ina gani, butar na hannuna. Ki yafe mini ƙwayoyin nan. Ni kuwa ruwan da kika ƙi sha, ba zan yi miki ƙarya ba, har yau ban gama yafewa ba. Ina roƙon Allah Ya ba ni iko kafin mu haɗu.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarin da ban san inda yake ba. Ya shayar da ke daga Alkausara, ki sha ki ƙoshi ko waye ke kallo. Amin.

'Yarki ta fari, wadda ba ki taɓa kiran sunanta ba,
Hajara.