Saƙon da Ya Jira Asabar

Zuwa ga Maman yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mai jego da ɗan jikan namu. Ki shafa mini kansa. Gida lafiya lau, ni ne dai ba ni da sukuni, kuma ba wanda zan iya faɗa wa sai ke.

Kin tuna taron ƙungiyar unguwa da muka yi kafin ki tafi, kan hanyar da za mu riƙa sanar da juna abubuwa? Mai kemis ta ce a buɗe dandalin tattaunawa, kowa ya rubuta kowa ya gani nan take. Ni kuwa na kafe sai bulog, shafi guda wanda sakatare, wato ni, zai riƙa rubutawa a tsare. Na ce dandali kasuwa zai koma, mai tallan takalma da mai cigiyar kaza su cika mana kunne. Aka yi dariya, na ci da ratar ƙuri'a uku. A hanyar gida kika ce in bar mutane su yi maganarsu, na ce ba ki gane ba. Kin gane sarai. Tun da na yi ritaya ba wanda ya sake miƙo mini takarda in duba, shi ne duk ciwona. Ba a banza ɗalibai suka sa mini Jan Biro ba.

Na saita shafin yadda ba saƙon da zai fito sai na amince. Nakan tara su zuwa Asabar, in zauna da shayina in gyara rubutun, in mayar wa ƙ da ɗ lanƙwasarsu, sannan in sake su.

Ran Talata saƙon mai aski ya shigo. Kan saƙon kawai na gani: "dan Allah jamaa". Na taɓe baki, na ce a raina "don" ake rubutawa, ita kuma jama'a an cire mata alamarta. Ban buɗe ba. Na ga shagonsa a rufe kwana huɗu, na ɗauka tafiya ya yi. Sai ran Asabar na karanta. Matarsa ce jini ya ɓalle mata wajen haihuwa, asibiti babu irin nata. Yana tsaye a can, cajin wayarsa na ƙarewa, ya tura saƙo guda inda na ce musu kowa zai gani. Maman yara, irin jinina ne. Katin da ke nuna rukunin jinina yana cikin jakar aljihuna duk kwanakin nan.

Sai ran Laraba da yamma aka samo jinin. Ita ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Ba wanda ya ce jinkirin ne sanadi, ni kuma tsoron tambaya nake yi.

Abin da ya fi ci mini rai, shafin yakan nuna wa mutum nasa saƙon ko ban sake shi ba, shi ya sa ya ɗauka gida arba'in sun gani sun yi shiru. Ya daina gaisawa da kowa. Jiya na je aski, kaina na hannunsa yake ce mini ni kaɗai ya yi wa uzuri, don ya san idona ba ya ganin rubutun waya sosai. Na kasa kallon madubi. Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba. Idan na yi shiru ba wanda zai sani, amma maƙwabta ne ke ɗauke da laifina.

Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Baban yara

Zuwa ga Maman yara,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jikin mai jego, yaya ɗawainiya? Na ji saƙonki ta bakin Auta, kuma na yi yadda kika ce.

A taron Lahadi na miƙe kafin a karanta ajanda, na faɗi komai, har da "don" ɗin. Na tsaya a gabansu kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zaga da ya fi mini sauƙi. Mai aski ya dube ni ya daɗe, sannan ya ɗauki hularsa ya fita. Na ajiye sakatarci, ni da kaina na roƙi a koma dandali, mai kemis ta buɗe shi muna zaune.

Kasuwar kuwa ta ci, yadda na faɗa. An yi tallan takalma, an yi cigiyar kaza. Amma shekaranjiya aka mayar da matar mai aski asibiti, ya rubuta ana neman ƙarin ledar jini guda, har ya manta wasali a "jini". Kafin awa guda mu tara ne a kan bencin asibiti, nawa ne kaɗai ya dace.

Mai aski bai gaishe ni ba, ban kuma ga laifinsa ba. Da na fito jiri ya ɗebe ni, sai na ji an riƙe mini kafaɗa. Shi ne, bai dubi fuskata ba, ya ce, "Malam, dan Allah zauna." Na zauna.

Gashina zai taru nan da mako biyu, ban san ko zai karɓe ni a kujerarsa ba, amma can zan je. Hannun da aka ɗebi jinin har yanzu yana tsami, idan kin ga kuskure a rubutun nan ki bar shi yadda yake.

Ki gaishe da mai jego da surukinmu.

Naki,
Baban yara