Kujerar da Auta Ya Hana Matarsa

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba da duk mutanen gida. Yaya gwiwar Baba? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya ja mana da ranku. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Maigidan yana miƙa gaisuwa, takwararki kuma ta fara fitar da haƙori, duk wanda ya ɗauke ta sai ta gwada shi a kafaɗarsa.

Inna, maganar autanki ce ta sa na ɗauki biro, domin in na ce a waya zan faɗa, na san raina zai ɓaci in faɗi abin da ba za ki so ji ba. Kin san matarsa, wadda kika sa wa suna 'Yar Shiru, cikinta ya tsufa. Laulayin farko ya wuce da sauƙi, ɗan ruwan citta da cin abinci kaɗan-kaɗan suka tsayar mata da tashin zuciya. Yanzu abin da ke damunta shi ne ciwon baya da kumburin ƙafa. Ran nan na je shagon takalman Auta na gan ta. Ƙafafun nan sun yi suntum, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai dawo ba. Takalma ga su nan tun daga ƙasa har rufi, na mata da na maza, amma babu ɗaya da ke shiga ƙafar matar mai shagon. Tsohon silifan wankan mijinta take ja.

Na ce ta zauna mu gaisa, sai ta yi murmushi ta dubi ƙasa. Nan na lura ashe babu abin zama a bayan kantar shagon ko na rantsuwa. Benci ɗaya ne a shagon, mai laushi, wanda masu saye ke zama su gwada takalmi, shi kuma Auta ya kafa doka ba a taɓa shi. Wai ya ji a wayarsa daga wani mai koyar da kasuwanci cewa mai shago in ya zauna, ciniki ma zama yake yi, wai mai saye in ya leƙo ya ga mutum a zaune sai ya wuce. Saboda wannan babbar hikima, yarinyar nan tana tsaye tun buɗe shago har rufewa, tana miƙa hannu sama ta sauko da kwali, tana durƙusawa da wannan ciki ta ɗaura wa ƙattan maza igiyar takalmi. Shi kuwa gogan yana yawo a gari, wai neman sabon kaya.

Kada ki ce bai damu da ita ba, ai ya damu, irin damuwarsa. Da na yi masa magana sai ya ja ni gida yana hura hanci, ya baje mini kayan da ya sayo mata. Akwai wani matashin kai dogo mai lanƙwasa kamar maciji, wanda ya cinye rabin gadon. Akwai ɗamarar ɗaure ciki, da man shafawa kala-kala, wani har da hoton mace tana dariya a jikin kwalbar, da wata na'ura mai ƙugi da ake ɗora wa baya, wadda tun ranar farko ta ƙi aiki. Yana nuna mini yana kallon fuskata, yana jira in yaba. Ni kuwa kallonsa kawai nake, ina mamakin yadda ciki ɗaya ya haife mu. An bar jaki ana dukan taiki, Inna. Mutum ya tsayar da mace yini guda, da yamma ya miƙo mata man shafawa, sa'an nan ya ɗauka ya gama da ita.

Da ranar awo ta zo ni na raka ta asibiti, don shi wai ba zai iya zaman layi ba. Ungozomar da ta duba ta ta ce jininta bai hau ba tukuna, kuma mun gode Allah. Amma ta ce tsayuwar nan ta yi yawa. Ta ce ta riƙa zama tana ɗora ƙafafu a kan wani abu mai ɗan tudu, ta riƙa ɗan takawa tsakani, ta sha ruwa sosai, in za ta kwanta ta juya ta gefen hagu ta sa matashi tsakanin gwiwoyi, bayan kuma a gasa mata da tsumma mai ɗumi. Ta hana ta shan kowane magani ba da saninsu ba. Sa'an nan ta ja mana kunne cewa in fuska ko hannu ya fara kumbura, ko ciwon kai mai tsanani ya zo, ko ido ya fara gani dishi-dishi, kada mu tsaya shawara, mu kawo ta nan take. Wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Da na isar wa Auta, ko kin san abin da ya ce? Wai matashin macijinsa ya fi na ungozoma, kuma ke ma da cikinsa kina aiki har ranar haihuwa. Shi da yake cikin cikin, ban san ta wace taga ya leƙo ya gani ba.

Da na ga magana ba ta shiga, sai na ɗauki kujerar robar da nake zama a kai in ina wanki, da wani ɗan akwatin katako na ɗora ƙafa, na kai shagon da kaina. Na ajiye a bayan kanta, na zaunar da ita, na ce wa Auta duk wanda ya ɗaga kujerar nan da ni zai yi. Ya yi ta ƙunƙuni wai ina ɓata masa tsarin shago, amma ya bari. Cikin 'yan kwanaki kumburin ya fara saɓewa, har ta aiko mini cewa ta samu barci, jijiyar ƙafar da ke ɗaure mata ma ta yi sauƙi. Ciniki kuma bai zauna ba, don na tambaya.

Jiya da rana na biya in kai mata 'ya'yan itace. Tun daga bakin titi na hango ta tsaye, hannu ɗaya dafe da ƙugu, tana ƙoƙarin jawo kwali daga saman kanta. Na shiga na zagaya bayan kanta, sai ga autanki a kan kujerata. Ya miƙe ƙafafu a kan akwatin, ya cire takalmi, ya naɗe matashin macijin nan a bayansa, yana latsa waya. Wai ya tsaya mata a shago da safe ta je awo ta dawo, shi ne bayansa ya riƙe, kuma shi ai a ɓoye yake, masu saye ba sa ganinsa. Safiya ɗaya, Inna, kuma ba ya ɗauke da komai sai kansa. Wallahi ban taɓa jin na raina mutum irin na wannan lokacin ba, kuma abin takaicin ɗan'uwana ne.

 Na karɓi kwalin daga hannunta na ajiye masa a cinya, na ɗauko mayafinta da katin awonta, na kama hannunta muka fito. Yanzu haka da nake rubutun nan tana ɗakina a kwance, ƙafafunta a kan matashi, takwararki tana wasa da yatsunta. Ɗazu na ji tana dariya, abin da na daɗe ban ji ba.

Na san zai kira ki ya kai ƙara, ya ce na ɗauke masa mata, kuma na san zuciyarki a kan auta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ni ma ban yar da shi ba. Amma don Allah, Inna, kada ki ce in mayar da ita don a zauna lafiya. 'Yar mutane ce aka ba mu amana, kuma abin da ke cikinta jikanki ne. Ki gaya masa da bakinki, don ke kaɗai yake jin tsoro, cewa tana nan wurina har ta sauka lafiya. Shagon kuwa ya tsaya da ƙafafunsa, tunda shi ya kafa dokar.

Ki gaishe mini da Baba, da Kawu mai gyaran rediyo, da Gwaggo da 'ya'yanta, da Yaya Babba in ya dawo daga tafiya. 'Yar Shiru tana durƙusa miki, daga kwance dai, don na hana ta tashi. Ki sa ta a addu'a, Allah Ya raba su lafiya.

Kujerar na bar masa, tunda shi ne mai cikin.

Taki har kullum,
'Yarki ta fari