Akwatin ban-ruwanku yana mutuwa a ɗaukewar wuta ta biyu

Zuwa ga Babban Daraktan kamfanin da ya haɗa mana akwatin ban-ruwa a Tondibia,
Yamai.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali da dukkan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

Sunana Sanusi. Ina gyaran ordinatar, wato kwamfuta, a wani ɗan shago a unguwar Boukoki, na kuma karanci rubuta shirin na'ura daidai gwargwado. Ni ne na kai maganar akwatinku Tondibia. Ni na tsaya gaban 'yan ƙungiyar masu garka, wato masu lambu, na ba su tabbaci cewa zai riƙa raba ruwa fangali bayan fangali, ba sai wani ya yini a gindin famfo ba. Wanda ya fara yarda da ni shi ne kawuna, Malam Isufu, yayan mahaifiyata, tsohon direba da ya ajiye mota ya koma garka saboda gwiwa ta ƙi. Ya yarda ne don ni na faɗa, ba don ya san abin da ke cikin akwatin ba. Sau biyu ina kai takarda ofishinku, sau biyu ana ce mini za a kira ni. Talhona na nan a aljihu, har yau bai yi ƙara ba. Shi ya sa na fito da maganar fili.

1. Abin da ya faru

Akwatinku na farko ya yi mana kaka biyu ba mu taɓa jin kansa ba. Bana kuka zo kuka sauya shi da ƙarami, kuka ce sabon yayi ne, shirin da ke ciki kuma shi ne dai na da. Kawu ya yayyafa irin tumatir a fangalin raino, ya fito kore shar, yana jiran dashe. Sai aka yi rasuwa a dangin matarsa a unguwar Dar es Salam da ke cikin Yamai, ya tafi zaman makoki na kwana biyu hankali kwance, tunda akwati na nan.

Ranar da ya tafi, da hantsi, aka ɗauke wuta. Ta dawo, ba ta yi tsawon shan shayi ba aka sake ɗaukewa. Daga nan akwatin bai ƙara buɗe wa kowa ruwa ba, ko da wutar ta dawo ta zauna. Maƙwabtan Kawu sun leƙa ɗakin famfo, sun ga fitilar akwatin kore, sun koma aikinsu, domin ku kuka koya musu cewa kore lafiya ke nan. Manyan shuke-shuke sun yi yaushi sun farfaɗo. Irin raino kuwa ba ya jure ƙishin kwana biyu a ranar Yamai. Kawu ya dawo ya tarar da fangalinsa kwance kamar an zuba masa ruwan zafi. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Tambayata kawai ya yi ko akwatin ma zaman makoki ya tafi.

2. Inda laifin yake

Na rufe shago yini guda na zauna da akwatin, kuma ga abin da na gani. Ba na tsammanin sabon abu ne a wurin masu rubuta muku shiri, amma zan faɗe shi dalla-dalla don masu garka ma su ji.

Idan wuta ta ɗauke, akwatin yana komawa kan batir, sai babban tsarin da ke tafiyar da shi ya aika wa shirin ban-ruwa sigina, wato ɗan gajeren saƙo kamar ƙwanƙwasa ƙofa. A cikin shirin akwai wani sashe da aka ajiye don ya amsa wannan ƙwanƙwasa: ya rufe bakin ruwa, ya rubuta fangalin da aka tsaya, ya jira. In babu mai amsawa, ƙa'idar tsarin ita ce ya kashe shirin nan take.

Mai rubuta shirinku ya ajiye mai amsawar nan ne ta tsohuwar hanya, da umarnin da ake kira signal. Wannan umarni ba halinsa ɗaya ba ne a kowane tsari. A tsohon akwati, in an ajiye mai amsawa sau ɗaya, yana nan har abada. A sabon, da zarar ya amsa sau ɗaya sai tsarin ya sauke shi, sai an sake ajiye shi. Shirinku ba ya sake ajiyewa. Saboda haka ɗaukewar farko lafiya lau, ta biyu kuma ta tarar da ƙofa ba kowa, shirin ya mutu. Akwatin kansa yana nan a kunne kan batir, shi ya sa fitila ke nan kore. Fitilar ba shirin take kallo ba, batir take kallo.

Ban tsaya kan zato ba. Na aika masa siginar da hannuna, ya amsa. Na sake aikawa, ya faɗi. Na kashe akwatin na kunna na maimaita har na gaji, bai saɓa ko sau ɗaya ba. Littafin bayanin tsarin ma, wanda ke cikin akwatin da kuka sayar mana, ya yi gargaɗi ƙarara cewa kada a dogara da wannan umarni in ana son shiri ya yi aiki iri ɗaya a ko'ina. Kun ɗauke shiri daga gida kun kai shi wani gida, ba ku tambayi al'adar sabon gidan ba.

3. Zuwan ma'aikacinku

Bayan takardata ta farko kun turo mana wani ma'aikaci. Mutumin kirki ne, ya gaisa da kowa, ya sha ruwa. Ya zare filogi, ya mayar, ruwa ya taso, ya dube ni yana murmushi. Na roƙe shi ya sake zarewa. Ya ce takardar gwajin kamfani sau ɗaya ta ce, kuma yana da wani aiki a gaba. Na miƙa hannu zan zare da kaina, ya ce in na taɓa, garanti ya tashi. Sannan ya rubuta a rahotonsa cewa masu garka ne ke wasa da na'ura.

Wannan rubutu ya ƙona mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Mutanen nan tsoron akwatin suke yi, ko ƙurar kansa ba sa sharewa sai na zo. Da na je ofishinku kuma na gane inda takardar gwajin ta samo asali. Ina zaune a benci wuta ta ɗauke, kafin in ɗaga kai gurup ɗinku, wato janareta, ya tashi, ko fanka ba ta tsaya ba. A wurinku wuta sau ɗaya take ɗaukewa, shi ma na ƙiftawar ido. A bakin kogi kuwa takan tafi ta dawo ta sake tafiya kafin mutum ya gama alwala. Duk wanda ya taɓa yini a Tondibia ya san haka. Wanda ya rubuta takardar gwajinku bai taɓa yini a can ba.

4. Girman gyaran

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙanƙantarsa. Akwai umarnin da aka yi musamman don wannan matsala, sunansa sigaction, wanda halinsa ɗaya ne a tsohon akwati da sabo. A sauya wancan da wannan, a bar mai amsawar ya ɗaga alama kawai, babban shirin ya yi rufe ruwa da rubutu a natse. Layukan da za a taɓa ba su cika tafin hannu ba. Na ce a ba ni rubutun shirin in gyara kyauta, aka ce sirrin kamfani ne. To, na ji, ku riƙe sirrinku. Amma wanda ya kulle ɗaki ya riƙe makulli, shi ake jira ya zo ya buɗe.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe.

A gyara yadda shirin ke amsa sigina, a zo a sa mana gyaran cikin makon nan. A sa fitilar ta riƙa nuna ran shirin, ta koma ja in ya mutu, kuma akwatin ya riƙa tayar da shi da kansa. A sauya takardar gwaji ta ce a zare filogi sau uku a jere, a nan gindin famfo, ba a ofis ba. A sanar da duk wanda kuka sauya wa akwati bana, domin na tabbata ba mu kaɗai ba ne. A kuma janye rahoton nan da ya ɗora wa masu garka laifi, a rubuce, in karanta musu da bakina.

Na ce cikin makon nan ne don dalili. Kawu ya sake yayyafa iri, shi ne ragowar abin da ya ajiye, kuma in wannan ya tafi lokacin dashe ya wuce, bana babu tumatir ke nan. Irin ya fara tsirowa shekaranjiya. Na je duba shi jiya da la'asar, na tarar akwatin a kunne, fitila kore, shirin ma da ransa, don na tayar da shi da safe. Amma Kawu ba ya gindin inuwar da ya saba zama. Na hango shi yana hawowa daga bakin kogi da bokiti biyu, yana ɗingishi, yana tsayawa kowane 'yan taku. Na ruga na karɓa, na ce masa ai akwatin yana aiki. Ya ce ya sani, ya gode, amma gara ya zuba da hannunsa. Mutumin da na yi wa alkawarin hutun gwiwa ke nan. Sai na juya kogi na ɗebo masa bokiti na gaba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci kamfaninka, ya haɗa ka da ma'aikata masu faɗa maka gaskiya. Ya kuma ba ka ikon duba wannan takarda tun irin Kawu yana tsaye.

Wassalam.

Sanusi,
mai gyaran ordinatar a Boukoki, Yamai.