Saƙon da Mama Ta Bar wa Auta

Zuwa ga ƙanena Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na cikin jirgin ruwa. Allah ya tsare ku a kan teku, ya ƙara maka ƙarfin jiki. Mu nan kowa lafiya lau. Ƙafar Yaya Babba ta yi sauƙi har ya koma shago, tagwayena sun ci jarrabawa, matar Dogo kuma ta sauka lafiya. An samu mace, hancin Mama ta ɗauko sak.

Wata uku ke nan da rasuwar Mama, ba ka ɗaga wayar kowa ba. Matarka ta gaya mini wai ka ƙulla a ranka Mama ta tafi tana fushi da kai, saboda faɗan da ta yi maka a waya ranar da ka ce aiki ba zai bar ka ka zo ba sai bayan wata huɗu. Haba Auta! Kamar ba ka san wadda ta haife ka ba.

Matar da ta riƙe mu, mu shida, da keken ɗinki ɗaya bayan mutuwar Baba, yaushe ka taɓa ganin fushinta ya kwana? Ka tuna addu'arta ta kafin cin abinci, yadda sai ta kira sunan kowa, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, abinci ya yi sanyi ƙalau muna haɗiyar yawu. Ba ta daina ba har ƙarshe. Bara ma muna rufe da ido kyanwa ta ɗauke kifin da ke gabanta. Da ta buɗe ido sai ta ce ba komai, ita kyanwar an riga an amsa mata tata. Kuma in ta zo kan sunanka, a nan ne take daɗewa, har yara su fara buɗe ido ɗaya.

Na so a ce kana coci ran Lahadin farko bayan jana'iza. Ka san ta shekara sittin cikin mawaƙa, ka kuma san murya ba ta cikin baiwar da Allah ya ba ta. Shugabannin mawaƙa huɗu suka yi ta mayar da ita layin baya, tana cewa Allah zuciya yake saurare, ba maƙogwaro ba. To ranar mawaƙa suka miƙe, mai kiɗa ya fara, amma ba wanda ya buɗe baki, kowa na kallon na kusa da shi. Ashe duk shekarun nan ita ke fara shiga, saura su bi. Fasto ya yi dariya har da hawaye, mu ma duka muka ɗauka.

Yanzu batun wayar, tunda ina zaune a bakin gadonta aka yi. Tana ajiyewa ta kama dariya har da tari. Na tambaye ta dalilin wannan faɗa, ta ce ta san ka da taushin zuciya. In ka ji muryarta a raunane, ajiye aikin za ka yi ka taho, alhali kana da iyali a wuyanka. Shi ya sa ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata ta zazzage maka, don ka ce tsohuwar tana nan daram. Ta ce in ba ta kai lokacin zuwanka ba, in gaya maka ba ta riƙe ka da komai ba, ta yi gaba ne kawai za ta jira ka. Ta ce tun kana yaro kullum sai ta ja kunnenka saboda makara, amma wannan karon ta yarje maka ka makara sosai, kada ka kuskura ka yi sauri.

Kwana tara bayan haka, ran Asabar da hantsi, ta sa na goge mata farar rigarta ta mawaƙa, ta sha shayi, ta zauna a kujerarta ta bakin taga. Na dawo daga shanya na same ta kamar mai barci, tabarau na kan hancinta. Shekara casa'in da uku, ko da yake ita tamanin da biyar take amsawa.

Saboda haka ka share hawayenka. An ce zumunci a ƙafa yake, amma naka yanzu a waya yake. Ran Lahadi bayan sujada duk za mu taru a ɗakinta, wayata na hannuna.

Yaya Babba da Dogo da Kawu Tela suna gaishe ka. Gwaggo Ƙarama ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka saboda iskar ruwa. Tagwaye suna gaida kawunsu. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce yayarka,
Maman Tagwaye