Aljihun da Inna ta Ɗinka

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya gida, ya ƙafar Inna? Ya Baban Kumatu da zaryar zuwa ganin 'yarsa? Ita kuwa Kumatu tawa, ki shafa min kanta, ki kuma gaya min gaskiya ko haƙoran nan sun daina sa ta zazzaɓi. Na zaɓi rubutu ne saboda a waya ba a barin mu mu biyu, da na buɗe baki sai Inna ta karɓe.

Yaya, akwai magana, amma kada Inna ta ji. Kin tuna aljihun da ta ɗinka min a cikin rigar sanyi, har ta sa na yi mata alkawarin ba zan rabu da fasfo ba ko banɗaki zan shiga? To, lokacin da aka tara mu, sababbin ɗalibai 'yan ƙasashen waje, matar ofishin da ke kula da mu ta ce kowa ya kulle fasfonsa a ɗaki, ya riƙa yawo da kwafi. Na gyaɗa mata kai, na bi maganar Inna. Makon jiya mura ta kwantar da ni. Abokiyar ɗakina, baiwar Allah mai son aikin da ba a sa ta ba, ta kwashe kayana ta zuba a injin wanki, har da rigar. Ɗinkin Inna dai ko zare bai saki ba, a gaya wa kowa. Fasfon ne ya fito kamar burodin da aka jiƙa a shayi. Hotona ya koɗe, bizar da ke manne a ciki ta dame.

Abokiyar ɗakin nawa ta yi kuka har ni ce na koma ina ba ta haƙuri. Matar ofis ta ce abu ne mai gyaruwa, kuma da sauran lokaci kafin dogon hutu. Ki ci gaba da gaya wa Kumatu cewa Mamanta na nan tafe. Ko a kan iska ne sai na zo.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki da ɗawainiya, Allah ya saka. Da fatan ku duka lafiya, Inna kuma jiki da sauƙi.

An yi hutu, kowa ya watse. A benen namu daga ni sai mai shara, da wata fitila a lungu da ke kamawa tana ɗaukewa. Akwatina na nan a ƙulle bakin ƙofa tun kafin jarrabawa, kullum sai na yi tuntuɓe da shi, na kuma kasa kwance shi.

Na je ofishin jakadancinmu. Sun karɓi tsohon fasfon, sun ce sabon daga gida ake bugo shi, in jira. Na je ofishin shige da fice, na ɗauki lamba, na zauna a kujerun ƙarfen nan masu sanyi har aka kira ni. Mutumin da ke bayan gilashi bai yi min wulaƙanci ba, da ma ya yi, da na sami wanda zan ji haushi. Cikin ladabi ya fahimtar da ni cewa ba a mayar da biza sai a kan sabon fasfo. Ya ba ni wata takarda da ta ba ni izinin zama, amma ban da fita daga ƙasar. Ko cikin gari ba na nisa yanzu, daga ɗaki sai ɗakin karatu sai kantin kwanar titi. In na hango motar 'yan sanda sai in sauya hanya, kamar wadda ta yi sata.

Akwai hanya ɗaya. Jakadancinmu na iya ba ni takardar komawa gida ta gaggawa, amma ta tafiya ce kawai, babu dawowa. In na bi ta, masu ɗaukar nauyin karatuna za su janye, shekarar da na yi ta tafi a banza, wadda ta rage kuma ta bi ta. Kin san abin da na bari na zo nan. Yarinya na bari, ko yaye ba ta gama mantawa ba.

Yaya, na ji abin da ya faru ranar da na yi kiran bidiyo. Kin ɗauka kin rufe wayar da tafin hannu, amma na ji komai. Na ji Kumatu ta ƙi kallona, ta ɓuya a bayanki tana ce miki Mama. Na ji kin daka mata tsawa kina cewa ga Mamanta can, ita kuma ta fashe da kuka. Da na ajiye wayar na zauna a kan akwatin nan na yi nawa kukan. Kishinki na ji, ba zan ɓoye miki ba, ke da kike tashi kina wanke mata jiki in ta ɓata, ni ina nan ina wanke kwalaben gwaji. Allah ya yafe min.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Sallama da gaisuwa irin ta kewa. Ya kuke, ya yarinyar, ya haƙuri da mu?

Sabon fasfo ya iso, tsaf da shi, ko ƙura babu. Sai dai ranar da aka ba ni ta manna biza tana bayan komawa makaranta ne, kuma malamin da ke duba bincikena ya riga ya ce daga nan babu hutu sai an kammala. Ɗalibai sun fara dawowa, ina jin ƙarar tayoyin akwatunansu a baranda, kowa da tsarabar gidansu.

Na yi shawara da Baban Kumatu. Ya ce duk abin da na zaɓa yana bayana. Kin san shi da daɗin baki, ya ɗora min kayan a ka ya ja gefe yana min sannu. Har ƙofar jakadancin na je don karɓar takardar gaggawar. Na tsaya a tsallaken titi ina kallon mai gadi, shi ma yana kallona, har ƙafafuna suka gaji. Na juyo ban shiga ba. Zan zauna in gama. Ban sani ba ko daidai na yi, kuma kada ki ce min daidai ne don ki kwantar min da hankali. Yau na kwance akwatin.

Inna ki ce mata aikin makaranta ne ya riƙe ni. Da hannunta ta yi ɗinkin nan don ta tsare ni, ba zan so ta kwana da shi a rai ba.

Saura roƙo ɗaya, shi ne dalilin wasiƙar. Ki daina yi wa Kumatu tsawa a kaina. Duk kiran da na yi da kuka yake ƙarewa, ba na son ta tashi tana jin muryata tana tsorata. Yarinya ce, wadda ta gani a gabanta ita ta sani, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ki bar ta ta kira ki yadda bakinta ya saba. In na dawo zan zauna kusa da ita in jira, ko wata nawa ne, har ta zo da ƙafarta.

Zan kira ranar da ba ni da aji. Kada ki jawo ta gaban waya, ki bar ta tana wasanta, ki juya min wayar kawai in gan ta. In ta tambaye ki wace ce, ki ce mata ƙanwarki ce da ke karatu.

Na gode, Yaya. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Taki,
Auta