Robar da ke Cikin Kaka

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, da aiki, da mutanen gidan da kike a Johor. Mu nan ƙauye lafiya, sai dai Kaka Ponirah.

Mama, ina jin kunyar rubuta wannan, amma ba ni da wanda zan gaya wa. Tun bayan girbin shinkafa wani ruwa yake fito wa Kaka, mai wari kamar kifin da ya kwana a rana, ga ciwon mara. Ni nake wanke zannuwanta. Ina toshe hanci da gefen mayafi, duk da haka sai na yi amai a bayan ayaba. Ta sha jiƙon gangamau har ta gaji. Mutane sun daina sayen kwaɗon ganyenta, ni ma na kasa ci.

Jiya muka je asibitin Wonogiri. Likitar ta ce akwai robar hana haihuwa a mahaifarta, wadda aka sa tun kina goye, ba a taɓa cirewa ba. Ta ce wata ƙwayar cuta da ba a cika gani ba ta yi gida a jikin robar har ta tara mugunya. Da aka ciro ta, baƙa ƙirin, da wasu ƙwayoyi rawaya a manne. Kaka ta sa aka zuba mata a kwalba, ta tura mini cikin jaka, ta ce, "Ke marar baki, jefa ta a kogi. In tsohon nan ya gani na kaɗe."

Ashe babanki, Kaka Kasno, bai sani ba. Namiji yake so bayan ku uku mata, har yau yana cewa Allah ne bai ba shi ba. Ki yi mana addu'a.

'Yarki,
Warsini

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, Kaka tana samun sauƙi. Za ta daɗe tana shan magani, amma warin ya ragu.

Kwalbar ce dai. Na kasa kai ta kogi, don can muke wanka. Sai na tafi binne ta a gonar rogo. Ina cikin tono Kaka Kasno ya tsaya a kaina da fartanya. Ya ce, "Me kike shukawa, uwar kunya, zinariya?" Ya ɗauki kwalbar ya ɗaga ta sama, ya yamutsa fuska, ya tofar da yawu.

Ya ce, "Ashe haka take. Ni na kai kakarki a keke ranar da aka sa mata, ta ce gidan yayarta za ta. Yayar tata a bayan asibiti take zaune? Haihuwar uwarki ta kusa kashe ta, shi ya sa na yi shiru. Ban san ana cirewa ba."

Shi ya ƙarasa ramin, mai zurfi sosai. Ya ce kada in gaya wa Kaka, wai za ta raina shi.

Yau da safe na fito da bokiti na tarar har ya wanke zannuwanta, yana shanya yana ta tsaki. Kaka ta leƙo ta taga ta ce bai iya matsewa ba.

Ki gaida kowa.

'Yarki,
Warsini