Muryar Gwaggo Taiba a Cikin Kwantena

Talata Mafara,
Ranar kasuwa, da hantsi.

Zuwa ga Yayana Mujahid,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Bilkisu da 'yarmu Zahra'u. Yaya karatu, yaya zaman baƙunta a Malesiya? Allah Ya sa a gama lafiya, Ya dawo mana da ku cikin aminci. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa barka ba sanda, Baba yana nan da harkar shanunsa, shinkafar Bakura kuma bana ta yi kyau. Na yi ta kiran wayarka ba ka ɗauka ba. Na san kana fama da malamanka, amma wannan karon sai ka ajiye littafi ka karanta ni har ƙarshe, don ni kam na kasa zama wuri ɗaya.

Maganar sabar nan ce, kwamfutar da ka haɗa a ɗakin bayan shagonmu ka bar mini amanarta. Ka tuna yadda ka koya mini: kowace manhaja tana zaune a kwantenarta kamar ɗakunan haya a gida ɗaya, ba mai leƙa ɗakin wani, akwai kuma manhajar da ke buɗe su tana rufewa, wadda muke ce wa mai gadi. A ɗaya daga cikin kwantenonin ne saƙonnin murya ke sauka daga mutanenmu na ƙauyukan Maradun, masu gaya mana inda suka ga baburan 'yan bindiga. Ni nake saurara, in rubuta wa direbobin shanu hanyar da za su bi, ba tare da sunan kowa ba. Ka ce mini bangon kwantena ba ya tsaguwa. To Yaya, ya tsagu.

Makon jiya sanarwa ta shigo zauren intanet na masu wannan aiki cewa an gano ɓaraka a jikin mai gadin kansa, irin wanda muke amfani da shi. Idan aka ɗora kwantenar da mugun hannu ya haɗa, tana iya fitowa daga ɗakinta ta hau kujerar mai gida, daga nan kuwa ba ɗakin da zai gagare ta. Ina karantawa sai na tuna kwantenar Alhaji Lukman, mijin Yaya Maimunatu, ta manhajar farashin dabbobi. Kai ka ba shi wuri don ba ka iya ce wa suruki a'a, kuma da ta ƙi tashi, ka buɗe mata cikakken iko ka ce za ka gyara daga baya. Shi bai ma san wanda ya haɗa ta ba, wani ne ya sauko masa da ita daga intanet. Dama na lura fankar sabar tana gurnani ba dalili, batirin sola yana ƙarewa da wuri, na ɗauka zafi ne. Da na duba sai na ga kwantenar tasa tana aika bayanai zuwa wani adireshin da ban sani ba. Wataƙila ɓarayin intanet ne kawai ke cin ƙarfin injin, ba ruwansu da Zamfara. Wataƙila kuma ba haka ba ne. Ba ni da yadda zan tabbatar, wannan ne ya hana ni sukuni.

Ban jira ka ba. Na kashe kwantenar Alhaji, na sabunta mai gadi zuwa wanda aka toshe masa ɓarakar, na ƙwace babban iko daga sauran kwantenonin, kowace ta koma mai haya zalla, ba ta iya rubuta komai a wajen ɗakinta. Na toshe duk hanyar fita sai wadda aiki ke buƙata. Muryoyin da suka taru tun tafiyarka na goge su kaf, yanzu da na saurara nake sharewa. Na san ka so a adana su don bincikenka, ka yi haƙuri. Amma kai ka fi ni sanin cewa idan an riga an shiga, toshe ƙofa ba ya korar wanda ke ciki. Dole a wanke injin gaba ɗaya a sake ɗora komai, mabuɗin sirrin yin haka kuwa yana wurinka.

Alhaji Lukman bai zo mini ba, ka san shi. A zaure ya samu Baba ya ce ƙanwar matarsa ta mai da shi ɓarawo a idon 'yan kara, mutanen kasuwar shanu. Yaya Maimunatu ta zo da jan ido, ta ce na ci mutuncin gidanta saboda ƙarfe. Na rantse mata ban zargi mijinta ba, kayan da aka ba shi ne ban yarda da su ba, amma ta tafi ko ruwa ba ta sha ba. Inna kuwa kunyar suruki ta rufe mata baki, sai kallona take kamar ni na fasa tukunyar. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma ko gobe aka sake, haka zan yi.

Dalilina Gwaggo Taiba ce, ƙanwar Baba, da ke can ƙauyensu bayan Janbako. Gidanta na bakin hanya, ita ta fi kowa ganin wucewar babura, kuma ita ta fi kowa aiko saƙo. Sauran mutane sukan faɗi abin da suka gani su kashe waya. Gwaggo fa? Sai ta yi sallama, ta ce ita ce Taiba matar Malam Jibrin, ta tambayi kwanana, ta gaida Baba da Inna, ta tambaye ka da ɗiyarka da sunayenku, ta ba ni labarin akuyarta da ta haihu da daddawar da ta shanya a gindin tsamiyar ƙofar gida, sannan a can ƙarshe ta ce babura sun yi gabas. A da muna dariyar abin, har ka ce gaisuwarta ta fi rahoton tsawo sau goma. Yanzu ka yi tunani: duk wanda ya sami ko ɗaya daga cikin saƙonnin nan, an ba shi sunanta, da na mijinta, da itacen da ke ƙofar gidanta. Ka san abin da mutanen daji ke yi wa wanda suka gano yana kai labarinsu.

Ranar Juma'a na bi motar Kabiru direba na je na same ta. Na yi mata bayani iya yadda zan iya, na ce ɗakin da nake ajiye muryarta ya yi rami, ban sani ba ko wani ya saurara. Na roƙe ta ta dawo Mafara ta zauna da mu ko na ɗan lokaci. Ta yi dariya ta ce wa za ta bar wa tsoho da awaki, kuma in ta taho wa zai gaya wa ɗan'uwanta hanyar da zai bi da shanunsa. Na ce to aƙalla ta daina gaisuwa da ambaton suna, ta faɗi maganar kawai. Nan ta ɓata rai, ta ce ita ba ɓarauniya ba ce da za ta shiga gidan mutane ba sallama, ko da ta waya ce. Sai da na fashe da kuka, na gaya mata ƙarara abin da nake tsoro, sannan ta daina gardama. Ta rako ni har mota.

Don Allah Yaya, ka turo mini mabuɗin ta hanyar nan mai tsaro da muka saba, yau ba gobe ba. Ka kira Alhaji Lukman da kanka, ka gaya masa kai ka yarda a ware masa wani inji daban ya ɗora kwantenarsa, don daga bakinka zai ji. Kuma kada ka sake ɗora kayan da ba mu san asalinsu ba kusa da muryar mutane, ko na waye.

Yau da safe saƙon Gwaggo ya shigo. Ba sallama, ba suna, ba akuya. Murya ƙasa-ƙasa ta ce hanya lafiya, ta kashe. Baba ya iso kara da shanunsa lafiya lau. Ta yi daidai abin da na roƙa, amma tun ɗazu kokona yana gabana ya huce, na kasa sha. Matar da ba ta taɓa jin tsoron kowa ba, ni na je har gida na koya mata.

Baba da Inna suna gaishe ku da kyau. Ƙannenmu Naziru da Hafiza sun ce a shafa kan Zahra'u. Yaya Maimunatu ma na san tana gaishe ka, ko da ba ta yi mini magana. Ka gaida Anti Bilkisu, ka ce atamfar da ta aiko ta iso. Kullum a nan nake rubuta maka cewa Gwaggo Taiba ta ce a gaishe ka. Yau ba ta ce ba.

Ƙanwarka mai jiran amsarka,
Nusaiba.